Kiɗan da Injin Ban-ruwa Ya Ɓoye

Innarmu buri ɗaya gare ta a duniya, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba: ta mutu a Madina, a binne ta a maƙabartar Baƙi'a da ke gefen Harami. In alhazai suka zo daga gida suna ba ta labarin benayen da danginmu suka gina a Kano, sai ta saurara har su gama, sannan ta nuna wajen Harami da haɓa ta ce, "Ni nawa filin yana can." Tana faɗi tana dariya, amma mu mun san ba wasa take ba.

Babanmu ne ya kawo mu Madina ina 'yar ƙarama, shi yana aikin haɗa magunguna a wani asibiti. A nan aka haifi ƙanena, autanmu, bayan Inna ta fid da rai da sake haihuwa. Mu biyu ke nan gare ta. Lokacin da Baba ya rasu, a farkon shekarun casa'in, ni ina gidan mijina a unguwar Sih, Auta kuwa ya gama makarantar koyon sana'a ya kama aikin gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a wani kamfani. Da ƙyar da jiɓin goshi aka mayar da iƙamar Inna, takardar izinin zamanta, ƙarƙashin tasa. Mijina ya nemi a sa ta a tasa, aka ce suruka ba ta shiga. To ka ji yadda abin ya tsaya. In Auta yana ƙasar, Inna tana ƙasar. Ranar da aka ce ya fita, ko shi ya fita da ƙafarsa, ita ma sai ta naɗe tabarmarta ta bi shi.

Auta yaro ne shiru-shiru, irin waɗanda za ka ce ko yatsa aka sa musu a baki ba za su ciza ba. Hausa yana jin ta tsaf, amma in ka yi masa sai ya ba ka amsa da Larabci, kamar sauran 'ya'yanmu haihuwar nan. Abu ɗaya ne ke ba ni haushi da shi tun yana ƙarami: hannunsa ba ya zama. Ana cin abinci yana ƙwanƙwasa faranti da cokali, ana hira yana buga ƙofar firji da ɗan yatsa. Na sha make masa hannu. Inna kuwa sai ta ce, "Ƙyale shi, ke. Kowa da irin tasbihinsa."

Su biyu suke zaune a wani ƙaramin gida a unguwar Ƙuba, ni kuma kusan kullum ina can. Sai na lura kaya suna ɓacewa. Tsohuwar tukunyar gas da ke bayan ƙofa ta tafi. Injin wankin da ya mutu, wata rana na leƙa cikinsa na ga babu gangar, sai gwangwanin waje kawai. Daga baya har ɗan turmin ƙarfen da Inna ke daka kayan yaji a ciki ya yi ƙafa. Na tsare Auta, ya sunkuyar da kai ya ce gyara ya kai su. Na ce, "Turmi ma gyara? Me ya same shi, zazzaɓi?" Ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Wata Alhamis da bazara, lokacin da ɗanyen dabino ya nuna, muka tafi da mijina da wasu maƙwabta wani tsohon lambu da ke bayan Ƙuba don mu saya. Mai gadin lambun wani dattijo ne Bahaushen Chadi, mun san shi tun zamanin Baba. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa bayan la'asar, aka ci dabino har hannuna ya yi danƙo. Na tashi na bi magudanar ruwa in wanke. A can ƙarshen lambun akwai ɗakin ƙasa inda injin ban-ruwa yake, tsohon inji mai shan dizal, wanda in ya kama tuf-tuf-tuf ɗinsa har a ƙirjinka kake jin sa. Na durƙusa ina wanke hannu, sai kunnena ya ce mini injin nan ba shi kaɗai yake magana ba. Akwai wani abu a ƙarƙashin ƙarar, yana tafiya tare da ita, kamar mutum na bin bayan mutum yana taka sawunsa.

Ni da ba na iya ganin ƙofa a rufe in wuce, na je na tura.

Inna lillahi! Ga ƙanena, daga shi sai singileti, gumi na zuba, da ƙarfen rodi a kowane hannu, yana jibgar gangar injin wankinmu. Tukunyar gas tana rataye da igiya a rufin, turmin Inna yana kife a kan bulo, ga wasu fallayen ƙarfe da ya kwaso daga wurin aiki. Gefensa wani ɗan Sudan, ɗan wani tela a unguwar Anbariyya, yana rungume da jita da aka jona da batirin mota, tana wani irin kuka kamar ana yanka kwano da zarto. Na ukunsu ɗan ƙanen mai gadin ne, idonsa a rufe, ya kafa baki a makirufo yana ihu. Dukkansu na san su tun suna yawo da majina.

Ɗan Sudan ne ya fara ganina, ya saki jitar. Auta ya juyo. Ban tsaya jiran komai ba, na yi masa alama da hannu ya fito. Injin bai bari a ji murya ba sai da muka yi nisa cikin dabinai, kuma ko da muka yi nisan, tawa muryar ta kusa fin ta injin.

Na ce, "Kai, kana da hankali kuwa? A garin Manzo? Ka san in aka kama ku abin da zai biyo baya? Ɗan ƙasa a yi masa faɗa a sake shi, kai fa? Jirgi za a sa ka, a kai ka ƙasar da ko hanyar gidan kakanka ba ka sani ba. Wannan ma da sauƙi, kai ka jawo. Inna fa? Ita ma ta bi ka don ka ji daɗin dukan gwangwani?"

Ya tsaya yana share gumi da bayan hannu. Da Larabcinsa ya ce, "Yaya, ba mai ji. Wallahi ba mai ji. Sai injin yana aiki muke yi, in ya tsaya mu tsaya."

"Ni da na ji, aljana ce?"

"Ke ai kin zo bakin ƙofa."

Muna cikin haka sai ga dattijon mai gadi ya taho da fartanya a kafaɗa. Na juya kansa, don a ranar ba wanda zan raga wa. Na ce, "Baba, da girmanka da furfurarka, a gabanka ake wannan?" Ya dube ni ya ce, "'Yata, ni injina nake ji. Na gwammace in san inda yaran nan suke da la'asar, da in ji an tsinto su a inda ban sani ba. In an kira salla kashe injin nake, su fito su yi alwala a magudanar nan su bi ni. Ba su taɓa sa na kira su sau biyu ba." Na koma kan tabarma ina huci. Mijina ya tambaye ni ko kunama ce ta harbe ni, na ce ta fi kunama.

Ban gaya wa Inna ba. Na yi wata da watanni ina gaba da Auta, in ya gaishe ni in amsa a ciki. Shi kuwa wata rana ya zo gidana gyara mana mukayyif, da zai tafi ya ajiye wani kaset a kan firji, ba rubutu ba komai, ya fita. Na yi niyyar jefa shi a shara. Amma da safe bayan yara sun tafi makaranta, na kulle tagar kicin, na sa shi a rediyo, na rage murya.

Da farko kaina ya sara. Na ce wannan ai hatsarin mota ne aka ɗauka a kaset. Ina wanke-wanke ina tsaki. Can sai na kama kaina ina goge tukunya daidai da bugun injin. Sannan na fara jin abin da ɗan Chadin yake ihu a kai, rabi Larabci, rabi wata gurguwar Hausa. Yana cewa an haife shi a nan, cibiyarsa a nan take, amma kullum ana tambayarsa daga ina yake. Yana cewa in ya ce nan, a yi dariya, in ya ce can, can ɗin ba su san shi ba. A wata waƙar ba komai yake yi ba sai jera sunayen tagogin ofis da ake bi a sabunta takardar zama, ƙarfe na faɗuwa a kan kowane suna. Na ajiye soson na zauna a kan buhun shinkafa na yi kuka. Ni na zo da ƙasata a bakina, ina da Kano da zan tuna in raina ya ɓaci. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ƙanena yake tunawa ba in nasa ran ya ɓaci.

Ba zan ce na yarda abin da suke yi daidai ne ba. Har yau ban warware wannan a raina ba, kuma na bar wa Allah. Amma daga ranar na daina gaba da shi, na koma yi masa faɗan ya yi hankali.

Auta ya ce mini irin wannan kiɗan yana da suna a ƙasashen Turawa, wai kiɗan masana'anta, inda ake haɗa jita mai ƙara da kukan ƙarafa da injuna. Ɗan Sudan ne ya fara samo kasakasansu a wurin wasu ma'aikatan jirgin ruwa a Jidda. Amma su Turawan da gangan suke neman ƙarar inji, su Auta kuwa dole ce ta sa. Injin ne labulensu, shi ne kuma ubangidansu. Duk waƙoƙinsu a kan takunsa suke tafiya, ba sauri ba jinkiri, don ba mai iya ce masa ya ƙara ko ya rage. Ba su da ikon zaɓar lokacin wasa, sai ranar da dabinai ke bukatar ruwa. In lokacin sanyi ya zo da ruwan sama, sai su yi hutun dole. Waƙa kuma ba ta ƙarewa inda suka so. In kwamin da ke gindin dabinai ya cika da ruwa, ko dizal ya ƙare, ko aka kira salla a masallacin Ƙuba, dattijon zai kashe injin, su kuma su ɗauke hannu nan take, ko da a tsakiyar kalma ne. Rediyon ɗaukar murya kuwa a ƙusa suke rataye shi, a naɗe da tawul don kada ƙara ta fasa shi.

Ba su taɓa hawa dandamali ba, ba su taɓa raɗa wa kansu suna ba, ba wanda ya taɓa tafa musu sai dabinai. Kaset ne kawai ke tafiya hannu da hannu. Wannan ya kwafa ya ba wancan, direban bas ya kai Jidda, mai komawa gida ya tsallaka da shi Sudan, wani ya kai Chadi. Samari suka riƙa ce musu 'yan injin, ba tare da sun san su wane ne ba. Akwai ranar da Auta ya je gyara a wani gida, ya ji ɗan masu gidan ya kulle ɗaki yana jin kaset ɗinsu. Ya ce mini sai da sukurudireba ta suɓuce masa ta faɗi. Na ce, "Tsoro ko daɗi?" Ya ce duka biyun.

Haka suka yi shekaru, ni kuma kullum zuciyata a hannu. In na ji ya yi jinkirin dawowa sai in ce shi ke nan, an kama su. Allah bai sa an taɓa kama su ba. Abin da ya zo ta wata ƙofa ya zo, wadda ban taɓa tsammani ba.

Bayan an shiga shekara ta dubu biyu, ɗan Sudan ya tafi karatu ƙasar waje da kasakasan a jakarsa. Ba a daɗe ba ya fara bugo waya. Wai akwai masu ɗakin ɗaukar waƙa a can da suka ji, suka ce su zo a ɗauke su da kayan aiki na gaske, a kuma zagaya da su garuruwa. Ɗan Chadi ya ce shi ko yau. Auta ya je kamfaninsu neman dogon hutu, suka ce babu, in zai tafi sai dai ya ajiye aikin a buga masa fita ta ƙarshe, wadda ba a dawowa. Ya zo ya same ni a kicin ya faɗa mini. Ban taɓa ganin fuskarsa da haske irin na ranar ba, kuma ban taɓa ganin hasken da ya ba ni tausayi kamarsa ba. Na buɗe baki zan fara, ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani, Yaya. Ni zan gaya mata da kaina."

Ina wurin aka yi. Da hantsi ne, Inna na zaune a kan darduma tana tsince shinkafa. A lokacin ciwon sukari da hawan jini sun sa ta gaba, ta rame, likitoci ma sun fara yi mana magana a gefe. Auta ya durƙusa gabanta ya kwashe komai ya faɗa mata, tun daga turminta har wayar ɗan Sudan. Ba ta ɗago ba sai da ya gama. Ta ce, "Sa mini in ji abin da ya cinye mini turmi."

Ya sa. Ni ina jiran ta toshe kunne ta yi salati. Sai na ga ta ajiye faifan ta karkata kai. Can ta ce, "Ikon Allah. Wannan ai lugude ne." Auta ya dube ni, don bai san kalmar ba. Na ce masa daka ce ta mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, har da tafi da jefa taɓarya sama. Inna ta ce tun tana budurwa a gidansu rabonta da jin irinsa. Ta ce, "Sai dai mai ihun nan, a ba shi ruwa ya sha." Muka yi dariya mu uku, har Auta yana share ido.

Da dariyar ta lafa, Inna ta ja faifanta ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ba ta dube shi ba ta ce, "Auta, ban hana ka ba. Amma ka ga yadda nake. Ka jira ni kaɗan, ba zan daɗe ba. Ka sa ni a filina, sannan ka tafi duk inda kake so da albarkata."

Ya ce, "To, Ummi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya buga wa ɗan Sudan waya ya ce su ɗan saurara masa.

To, ka san mai sauran shan ruwa. Inna dai sai ta warware. Wallahi kamar an yi mata allurar ƙuruciya. Aka canza mata magani, sukarin ya daidaita, ta yi ƙiba, ta koma zuwa Harami da ƙafarta. Duk azumi sai ta tara mu ta yi mana bankwana, ta rabar da zannuwanta ga maƙwabta, ta ce wannan ne na ƙarshe. Salla ta zo, mu je kasuwa mu sayo mata sababbi. Shekara ta juyo, ta sake rabarwa. Har matan unguwa suka fara tsokanarta suna cewa, "Hajiya, bana wane zanen za ki bar mini?"

Da farko abin dariya ne. Daga baya ya daina ba ni dariya, don na ga yadda take kallon Auta in ya dawo daga aiki da kaya duk baƙin mai. In baƙi suka yi mata addu'a suka ce Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, sai ta ce, "Ku tsaya a lafiyar." Ba ta taɓa ƙin shan magani ba, Inna mai tsoron Allah ce. Amma wata safiya ina gyara mata gado na ji ya shigo gaishe ta, ya ce yaya ta kwana, ta ce, "Ga ni dai, Auta. Ka yi haƙuri." Uwa tana ba ɗanta haƙuri don ta wayi gari. Na fita tsakar gida na tsaya ina kallon bango, raina na ƙuna, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Ɗan Chadi ya gaji da jira ya bi ɗan Sudan. Auta da kansa ya kai shi tashar mota. Ba a jima ba magadan mai lambun suka sa injin lantarki, wanda ba ya ƙara sai ɗan zuuu kamar sauro, tsohon kuma aka sayar wa masu gwangwan. Daga baya lambun ma aka yanka shi filaye, dattijon mai gadi ya koma ƙasarsu. Auta ya kwaso ƙarafansa ya zuba a saman rufin gida. Turmin kawai ya wanke ya mayar kicin, duk ya lotse.

Su biyun can sun yi abin da suka je yi, ba laifi. Sun sami wani mai ganga, suka sa na'ura tana kwaikwayon bugun injin. Auta ya saurara ya ce da kyau, amma na ga bai kai ƙarshe ba ya kashe. Wayar ɗan Sudan ta riƙa raguwa, daga kowane mako zuwa salla-salla, har ta ɗauke. Ban ga laifinsa ba, shi ma rayuwa yake nema.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar da babbar 'yata ta kira ni gaban kwamfuta. Ta ce, "Mama, ji wani abu, wai daga Madina ne." Tuf-tuf-tuf. Tsofaffin kasakasan ne wani ya ɗora a intanet. A ƙasa mutane daga ƙasashe daban-daban suna ta rubutu, ita tana fassara mini. Wasu na cewa su ne suka sa su fara kiɗa a garejin gidansu. Wani masani ya yi dogon bayani wai yadda waƙoƙin ke yankewa a tsakiya hikima ce mai zurfi. Na ce, "Hikimar gidansu! Dizal ne ya ƙare." An ambaci mai jita, an ambaci mai murya, amma mai dukan ƙarfen sai aka ce ba a san ko wane ne ba, wasu ma suka ce inji ne duka, ba mutum. Na ɗauki waya a fusace na ce wa Auta ya bari yarinyar nan ta rubuta musu gaskiya. Ya ce, "Yaya, iƙamata saura wata nawa a sabunta? Ki bar su, inji ne."

Inna ba ta san intanet ba, amma ta san ɗanta. Ta ga furfura ta fara fito masa, ta ga ya ƙi maganar aure, ta ga in ana hira sai an maimaita masa don kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Wata rana bayan azahar ta kira mu. Ta ce, "Na yi tunani. Ƙasa duk ta Allah ce. A kai ni Kano, ina da ƙanne a can. Kai kuma ka tafi wurin abokanka tun da sauran ƙarfinka." Tana faɗi tana murza bakin mayafi. Na san abin da maganar nan ta ci mata, don tun ina yarinya nake jin burin nan a bakinta.

Na zuba wa Auta ido, don na san ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce har yanzu suna jiransa, ta ci gaba da jin kunyar wayewar gari. In ya ce an riga an rufe ƙofar, ta san ita ce sila. Sai ya matsa ya kama ƙafarta yana matsa mata. Ya ce, "Ummi, na ji abin da suke yi a can, bai yi mini ba. Ba luguden a ciki. Ko kin tafi Kano ba inda za ni, sai dai ki bar ni ni kaɗai in riƙa cin abincin kanti." Ta dube shi ta daɗe. Ban sani ba ko ta yarda. Ta dai ce, "Allah ya yi maka albarka," kuma daga ranar ban ƙara jin ta ba shi haƙuri ba.

Ta ƙara wasu shekaru masu daɗi. Sannan wata ranar Talata da hantsi, tana zaune tana jan carbi, ta ce kanta na juyawa, ta jingina da kafaɗar Auta, shi ke nan. Aka yi mata wanka, aka kai ta Harami, aka sallace ta bayan la'asar tare da sauran mamatan ranar. Maza suka ɗauke ta da sauri suka nufi Baƙi'a. Mu mata ba ma shiga, sai na tsaya a jikin katanga ina leƙe ta ramukan ƙarfe, ina bin farar hular Auta da ido har ta ɓace cikin mutane. Ina kuka ina godiya, don Allah ya ba ta abin da ta roƙa.

Da ya fito, jallabiyarsa duk ƙasa har gwiwa, don shi ya shiga ramin ya karɓe ta. Ya zo ya tsaya kusa da ni, tattabaru na ta sauka a gabanmu. Ni da bakina ba ya iya zama, na ce, "To, Auta, ka cika alkawari. Yanzu hanya a buɗe take, duk inda kake so ka tafi."

Ya juyo da kunnensa mai ji ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya dubi katangar, ya karkaɗe ƙasar hannunsa a hankali.

Ya ce, "In tafi ina, Yaya? Uwata tana nan."